Ruwan da Inna Ta Daina Zubawa a Nono

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa ba su naɗe tabarmarsu ba, na taɓa yi wa mahaifiyata wata fatawa da ba wanda ya aike ni. Yau furfura ta gama cinye kaina, jikokina ma sun yi jikoki, amma duk ranar da na tuna sai in ji kunya ta lulluɓe ni kamar jiya aka yi. Na daɗe ina so in ba ku labarin, ina ɗagawa. Yau dai ga shi.

Mu asalinmu Fulani ne makiyaya. Kakana ne ya shigo cikin garin Bauchi ya kafa gida, 'yan shanun da suka rage kuma suna hannun baffana, ƙanin mahaifina, a wajen Inkil. Daga can ake kawo wa Inna madara, ta bar ta ta kwana, ta kaɗa ta cire mai, ta yi fura, ta ɗora ƙwarya a ka ta nufi bakin kasuwa. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "kai wannan", da na fara ɗan karatu kuma ta laƙaba mini Modibbo, wato malam, rabi tsokana rabi alfahari.

Ina saurayi ɗan shekara goma sha bakwai mahaifina ya sayar da bijimai biyu ya bi ayarin masu tafiya aikin Hajji ta ƙasa. A lokacin haka talaka ke zuwa Makka: mota in an samu, ƙafa in ba a samu ba, ta Yarwa, a ƙetare zuwa Sudan, a tsaya a yi ƙwadago a tara guzuri, sannan a haye Bahar Maliya. Ya ce mana shekara uku, in Allah ya yarda. Shekarar farko takardarsa ta zo da rubutun ajami, yana lafiya, yana aikin ɗiban auduga a Sudan. Ni na karanta wa Inna, har sau huɗu ta sa na maimaita. Daga wannan takarda ba mu sake jin ko tarinsa ba.

Shekara uku ta cika, ta huɗu ta shiga. A lokacin masu hali sun fara tafiya ta jirgin sama daga Kano, su je su dawo cikin 'yan makonni suna ƙamshin turare. Duk alhajin da ya sauka a garin nan, Inna za ta cika ƙwarya da fura ta je barka da zuwa, in mutane sun ragu ta matsa ta tambaya ko ya ga wani dogon mutum fari mai ɗan ɗingishi. Wani ya ce bai gani ba, wani ya ce, "Inna, ai Makka ba kasuwar ƙauye ba ce." Ta dawo gida, ta yi alwala, ta zauna a kan buzunta. Addu'arta ɗaya ce ba ta sauyawa: Allah ya dawo da babanmu gida da ƙafafunsa.

Ni kuma a lokacin ina ɗinki a wata rumfa a kasuwa, da la'asar in je zauren malaminmu in ɗauki karatu. Na sauke, na shiga littattafai biyu uku, kaina ya fara girma. In ana gardama a rumfa ni ke yanke hukunci, ga allura a baki ga fatawa. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa nawa ƙuƙumin a wuyan mahaifiyata na rataya shi.

A shekara ta biyar ne abin ya faru. Na dawo daga karatu na tarar da ita a tsakar gida tana wanke ƙore. Ba ma da ni take ba, da kanta take magana, ta ce, "Shekara biyar ina roƙo. Ko dai bakina ne ba ya kaiwa?"

Da mai hankali ne, da ya ce Allah ya kawo shi lafiya, ya wuce ɗaki. Ni sai na gyara tsayuwa. Dama ranar nan muka karanta bayanin mutumin da ya sha doguwar tafiya, ya ɗaga hannu sama yana kiran Ubangiji, amma cinsa haram, shansa haram, to ta yaya za a amsa masa. Karatun na nan da ɗuminsa a kaina, neman inda zan juye shi kawai nake.

Na ce, "Inna, ai Allah da kansa ya ce a kira shi zai amsa, kuma ba ya saɓa alkawari. In kika ga an yi shiru, to matsalar daga wajen mai roƙon take. Galibi wani haram ne ya shiga cikin abin da ake ci."

Wallahi ko a raina ban kawo ta ba. Karatu kawai nake biyawa, kamar aku. Ta tsaya da ƙwarya a hannu tana kallona, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta. Can ta ce, "To, Modibbo." Ta ci gaba da wanke-wankenta, ni kuma na shiga ɗaki ina jin na yi abin kai.

Ga abin da ban yi tunaninsa ba. Da rani, in ciyawa ta bushe madara ta ja baya, kusan duk mai sayar da nono takan ƙara ɗan ruwa, ta barbaɗa farin garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri da tsami. Haka Inna ta ga uwarta na yi, haka uwar ta ga tata. Masu saye sun sani, har sukan yi tsokana su ce yau saniyar ta sha ruwa da yawa. Ba wanda ya taɓa kiran abin da sunan algus a gabanta. Washegari da safe na ga ta haɗa nono, ta kai hannu ga moɗa yadda ta saba, sai ta janye hannun. Ta ɗauki ƙwaryar da ko rabi ba ta kai ba, ta fita.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce alheri ne. Amma Inna sai ta shiga bin gidaje. Duk wanda ta san ya taɓa sayen nononta, ta je ta durƙusa ta ce ya yafe mata ruwan da ta shayar da shi. Na raka ta gidan wata tsohuwa a unguwarmu, na ji da kunnena. Tsohuwar ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Ke 'yar nan, shekara ashirin ina sha, kin zaci ban sani ba? Na yafe duniya da lahira. Tashi, kada ki sa ni kuka." Mafi yawa haka suka ce mata. Har Zungur ta taka da ƙafa, wajen wasu manoma da kan saya in sun shigo cin kasuwa.

Ta gama zagayen ta zauna jira. Wata ɗaya, wata biyu, damina ta zo ta wuce. Shiru.

Sai ta fara lissafin waɗanda ba za ta iya samu ba. Wata rana ina cin tuwo ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Kai wannan, waɗanda suka mutu fa? Da direbobin da suka sha suka wuce, da 'yan cin-rani? A ina zan gan su?" Na ce ta yi musu sadaka. Ta yi. Ta ɗora azumin Litinin da Alhamis, ta ƙara da na tsakiyar wata. Inna mace ce mai jiki da son raha, sai ga ta ta zube, awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu. Ta daina zuwa barka da zuwan alhazai. Da na tambaye ta dalili ta ce, "In je in tambayi wa? Ni na tare masa hanya."

Ranar na san na yi ɓarna. Na koma kan karatu da gaske, wannan karon ba don a ce na iya ba. Ina neman aya ko hadisi guda da zan kawo mata in kwance abin da na ƙulla. Maimakon in samu, sai ni ma na ruɗe.

Da azumi ya zo na dinga zama gaba-gaba a wajen tafsiri. Yau a karanta inda Allah ya ce yana kusa, yana amsa kiran mai kira, in ji zuciyata ta yi sanyi. Bayan 'yan kwanaki a zo inda aka ce yakan yaye abin da ake roƙonsa a kai in ya ga dama, sai in ce to, da sharaɗi ke nan? Aka zo kan Annabi Nuhu, ya roƙa a tsirar masa da ɗansa, aka hana shi. Wane haram Annabi Nuhu ya ci? Annabi Yakubu ya yi ta kuka har idonsa ya tafi, shekara da shekaru ba wanda ya ce masa ga inda ɗansa yake. Ga Annabi Zakariyya kuma, ya roƙa a asirce, aka yi masa bushara. Har akwai inda manzo da mutanensa suka ƙosa suna tambayar yaushe taimako zai zo. Duk a littafi ɗaya. In fita daga masallaci kaina na juyawa, in yi ta istigfari don ina tsoron kada tunanin nan ya kai ni inda ba a dawowa.

Akwai wani abokina Kirista, mutumin kudancin Bauchi, malamin asibiti ne, ni ke ɗinka masa fararen kayan aiki. Ya ga na rame ya ce, "Tela, lafiya? Ko mamanka ne ba ya da lafiya?" Ban san lokacin da na zayyane masa komai ba. Ya ce, "Kai, mu ma haka yake a namu littafin. Wani wuri an ce ka roƙa za a ba ka. Ka juya takarda, ka ga sarki guda yana kuka, yana tambaya har yaushe za a yi masa shiru. Na tambayi fastonmu, ya ce in ƙara bangaskiya." Na ce, "Ka ƙara?" Ya ce, "Ina nan ina ƙarawa." Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ɗan ji sauƙi da na san ba ni kaɗai ba ne, amma ban samu abin kai wa Inna ba.

Daga ƙarshe na cire kunya na tunkari malaminmu bayan ɗalibai sun watse. Na faɗa masa abin da na ce wa Inna. Bai bari na kai aya ba ya ce, "Wa ya aike ka?"

Na sunkuyar da kai.

"An ba ka magani ka sha, ka je ka ɗura wa uwarka. Wannan karatun don mutum ya binciki kansa aka yi shi, ba don ya auna wani ba."

Ya sassauta murya ya yi mini bayanin da na san ku ma kun sha ji: addu'a ba ta faɗuwa ƙasa, ko a ba mutum abin da ya roƙa, ko a tunkuɗe masa wani sharri, ko a ajiye masa sai lahira. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, in haka ne, ta yaya wanda aka ajiye wa zai bambanta kansa da wanda aka ƙi ji saboda haram? Ai su duka shiru suke ji."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ba zai bambanta ba. Shi ya sa aka ce a kyautata zato." Ya ƙara da cewa in tashi in je in gyara abin da na ɓata.

Na je na samu Inna na kwashe bayanin Malam kaf na faɗa mata, har da Annabi Nuhu da Annabi Yakubu. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Su annabawa ne, jarrabawa ake musu. Ni mai nono ce. Wancan karon da bakinka ka faɗa, ba wanda ya matsa maka. Yanzu tausayina ka ji." Na rantse, na kuma rantsewa. Ta ce in bar rantsuwa, ba kyau. Magana zarar bunu ce, na zare tawa, ta ƙi komawa. Haka muka zauna shekara huɗu, ina kallonta tana ɗauke da laifin da ni na ɗora mata.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai, aiki ya yi mana yawa a rumfa, kowa na son sabuwar riga, makarantu na son tutoci. Ina kan keke da hantsi aka ce ana nemana a gida, an yi baƙo. Na tarar da wani tsoho baƙi siriri a zaure, da rawani irin na mutanen Sudan. Da ƙyar na gane shi. Mutumin Zungur ne, tare suka tashi da mahaifina a ayari ɗaya. Shekara tara ya yi, ya ce guzurin dawowa ne ya gagare shi. Inna ta zo ta tsaya a bayan ƙofa.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Sai haƙuri. Mahaifinka ya riga mu gidan gaskiya." Muka yi salati. Ya ce sun isa Makka a shekara ta uku, sun yi aikin Hajji lafiya, suka wuce Madina ziyara. A can zazzaɓi ya kama shi, kwana shida ya cika. Da hannunsa ya sa shi a kabari. Ya ce sau biyu yana ba da saƙo a kawo mana, ashe ba wanda ya iso.

Ina jin haka na fara ƙirga shekaru da yatsu a ɓoye. Ranar da na tsaya a tsakar gida ina yi wa Inna wa'azi, mahaifina ya shekara biyu a ƙasa.

Tsohon bai gama ba. Don ya sanyaya mana zuciya, ya ce, "Ku yi masa murna. Tun daga Yarwa har muka haye teku, addu'arsa ɗaya ce bayan kowace salla, Allah ya ɗauki ransa a ƙasar Manzo, a binne shi a can. Ban taɓa ganin mutumin da aka amsa wa addu'a ƙiri-ƙiri kamarsa ba."

Kun san halin ɗan'adam. A tsakiyar kukan mutuwar ubana, sai na ji wani farin ciki ya taso mini, wai na samu amsar da na shekara huɗu ina nema. Baƙon na fita na shiga wajen Inna da saurina na ce, "Inna, kin ji? Ba ke ba ce! Ba nono ba ne! Allah ya amsa, tasa ya amsa!"

Tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, idonta a bushe. Ta ce, "Na ji. Ashe ina ja nan, shi yana ja can." Ta ƙara da cewa, "Kuma ya dube ni ya ce mini shekara uku."

Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka. Ta aika a tambayo mata Malam yadda za ta yi takaba, ya ce ba takaba a kanta, kwanakin sun wuce tun shekarun da ya rasu. Ko wannan ma ba ta samu ba. Da kaɗan-kaɗan ta fara cin abinci, jikinta ya ɗan dawo, ta koma bakin kasuwa. Addu'arta ta koma ta neman rahama ga mamaci, kuma har ta bar duniya ban taɓa ganin ta gama salla ta tashi ba ta ɗaga hannu ba.

Yanzu na yi karatun da ya ninka na wancan lokaci, na zauna gaban malamai da dama, na ji amsoshi masu kyau, wasu ma na yarda da su. Na yi imani Allah yana ji. Amma in na ce muku na gane, na yi ƙarya. Mutum biyu, miji da mata, kowa na roƙo da zuciya ɗaya, aka ba ɗaya aka hana ɗaya, wannan na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne shekara shidan nan da tana roƙon a dawo mata da wanda ke cikin kabari, saƙo biyu suka ɓace a hanya, ko a mafarki ba a nuna mata ba. Wani lokaci in ce ladan da aka tara mata ke nan. Wani lokaci in ce ni ne dai na mayar da jiran ya zama azaba, da ban buɗe baki ba da jira ne kawai irin na kowa. Wani lokaci kuma in rasa abin cewa, in tashi in yi alwala. Abu guda da na tabbatar, in mutum ya zo ya ce mini ya roƙa an yi masa shiru, ba na nemo masa dalili a jikinsa.

Bayan sadakar arba'in ne na samu ƙarfin halin neman gafararta. Na same ta da rana a inuwar ɗaki tana kaɗa nono, na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini maganar da na faɗa miki."

Ba ta daina kaɗawa ba ta ce, "Na yafe tun ranar. Yaro ne kai." Can ta ajiye maburgi ta dube ni. "Amma tun da kai ne mai karatu, faɗa mini. Roƙon da na yi shekara shida yana kwance a can, ina ya tafi? An ji, ko ba a ji ba?"

Amsoshi uku na Malam suna kan harshena, a shirye. Na dubi hannuwanta, na haɗiye su.

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki maburginta.

"Da haka ka ce mini tun farko," in ji ta.